Ranar da Aka Yi wa Inna Aski

A ƙauyukan gabas da birnin Kano, wajen Gezawa, ba a barin ƙasa ta huta. Gona tana jingine da gona, gida yana jin tarin maƙwabcinsa, kuma duk inda ka ga fili kamar faɗin tabarma, to wani ya riga ya yi masa niyyar kuɓewa. A irin wannan wuri ne, a zamanin da fatake ke shiga birni da kanwa a bayan jakai, aka yi wata mata mai suna Falta, wadda ta ware wuri mafi kyau a bayan ɗakinta ta bai wa bishiyar da ba ta taɓa ba ta ko ɗa ɗaya ba.

Falta Babarbariya ce, amma ta asali. Kakanninta ne suka taso daga Barno, ita kuwa Barbarcin da ya rage a bakinta bai wuce gaisuwa da 'yan zage-zage ba, su ma sai rai ya ɓaci sosai take ciro su. Abin da ta gada da gaske shi ne hannun haɗa turaren wuta. In aka sa ranar aure a ƙauyukan nan, kafin a nemi makaɗi an nemi Falta. Gajeriya ce, mai saurin tafiya, mai saurin magana, ba ta barin ta kwana. Mijinta Mala Kashim, mai fataucin kanwa, ya daɗe da gane cewa hanya mafi sauƙi ta yin gardama da ita ita ce ya fita duba jakansa har ta gama.

Mutanen gidansu sun daɗe a ƙasar Kano har sun fi masu ƙasar riƙe kunyar ɗan fari. Falta ita ce ta fari a wurin mahaifiyarta Amsa, wadda ke zaune can wajen Bagwai. Tun da aka yaye ta aka miƙa ta ga wata gwaggonta, a can ta girma, daga can aka kai ta ɗakin miji. Falta ba ta taɓa jin Amsa ta kira sunanta ba. In ta kama dole, sai ta ce "waccan", ko "yarinyar nan", tana kallon wani gefe. Falta ba ta riƙe wannan da zafi ba, don haka kowa ke yi. Sai dai a can ƙasan ranta ta so a ce ko sau ɗaya ta ji yadda sunanta zai fito daga wannan bakin, kuma ba ta taɓa gaya wa kowa ba.

Abu ɗaya ne ke zuwa mata daga Bagwai. Amsa tana da bishiyar rumman a tsakar gidanta, 'yar gajeriya, mutum na tsaye zai tsinki na can sama. Duk shekara bayan girbi sai a ga wani matafiyi ya yi sallama da ƙunshin tsumma, ya ce an ce a kawo wa mutanen Gezawa. Ba a faɗin wa ya aiko, ba a faɗin wa aka aiko wa. Falta takan shige ɗaki ta fasa ɗaya, ta riƙa cin jajayen 'ya'yan nan ɗaiɗai, a hankali, ita da ba ta yin komai a hankali.

Da ta haifi tata 'yar farin, Sauda, ta yi mata yadda aka yi mata, har da ƙari. Ana yaye yarinya aka kai ta Bagwai wurin Amsa, ta zama 'yar ɗakin kaka. Falta ta laƙaba mata "'yar Bagwai", ta sa ƙarfinta a kan ƙannenta maza.

Da Allah ya yi wa Amsa rasuwa, Falta ta je aka yi zaman makoki da ita. Ranar da za ta dawo, mata suna ta rabon zannuwa da tasoshi, ita kuwa ta zagaya ta karyo reshen rumman kamar tsawon kamu, ta naɗe shi da jiƙaƙƙen tsumma, ta cusa gindinsa a gora mai laka. Haka ta rungumo shi har gida, duk rijiyar da suka tsaya sai ta ba shi ruwa kafin ta sha. Ta dasa shi a bayan ɗakinta, daidai inda ruwan alwala ke gangarawa. Reshe ya yi kamar ya mutu, sannan ya yi toho. Shekara na zagayowa labari ya zo cewa magada sun raba gidan Bagwai, katanga ta bi ta kan uwar bishiyar. Ta Falta ce kaɗai ta rage.

Ranar da ta ji wannan labari ta fara kiran bishiyar Inna. Da wasa aka fara, amma wasan ya zauna. Da safe takan leƙa ta ce, "Inna, an tashi lafiya?" Ta kewaye ta da ƙaya saboda awaki. Ruwan tsari, wanda a kowane gida na dabbobi ne, a gidan Falta sai Inna ta sha ta rage. Kashin awaki da tokar murhu kuwa har rigima ake yi a kansu da Mala, shi yana so a kai gona, ita tana kwashewa da sassafe. Abu ɗaya ne ba ta yarda da shi ba, wato ƙarfe. Ko busasshen reshe ba a cirewa. Wa ya taɓa ganin 'ya ta ɗauki wuƙa ta nufi uwarta?

To, bishiyar rumman in ta samu ci da sha, kuma ba mai tsawata mata, ba sama take yi ba, faɗi take yi. Toho ya riƙa fitowa daga gindi, wannan kan wannan, duk suna rububin hawa. Cikin 'yan shekaru Inna ta zama wani cunkusasshen kurmi mai ƙaya, ba ka gane gindi balle reshe. Kaji suka mai da ƙarƙashinta wurin ƙwai. In bazara ta yi takan fitar da 'yan furanni ja can a gefe, su kwana biyu su zube. Falta ta tsince su a tafin hannu ta ce, "Ba komai, Inna, baɗi ma shekara ce."

Mala Kashim ya shiga wasan da ƙafar dama. Tunda bishiya ta zama surukarsa, in zai wuce ta wurin sai ya tuɓe takalmi ya rusuna, ya ce, "Barka da hutawa." Ya fi jan kalmar hutawar, don a ji. Wata rana maƙwabcinsu Mati, mai lambu a fadama, ya shigo karɓar kanwar dabbobi, ya hango kurmin ta kan danga, ya ce ai wannan aski take so. Bai ƙarasa ba Falta ta ciro Barbarcin nan nata na ajiya. Mati ya fita bai ɗauki kanwar ba, sai aika masa aka yi.

Magana ta tashi daga wasa a shekarar da ɗansu Kamilu ya isa aure. Gida ya cika, ba inda za a yi wa amarya ɗaki sai inda tsohon rumbu yake, rumbu kuma ba shi da wurin komawa sai bayan ɗakin Falta. Mala ya auna da ƙafa, ya sake aunawa, ya zo ya zauna a bakin ƙofarta yana ta gyaran murya.

"Uwar Kamilu," ya ce, "kin san ina ganin girman surukata."

"Faɗi abin da ya kawo ka, Mala."

"Gero ba ya kwana a waje. Ita kuma baiwar Allah nan shekara da shekaru tana ci tana sha, ko ɗan da za a ba mai ciki ba ta yi ba. Na ba ta daminar nan mai zuwa. In an yi girbi ta haihu, ni da kaina zan nemi wa rumbu wuri ko a kan kaina ne. In ba ta haihu ba, sai ta yi haƙuri."

"Kai ne za ka sare ta?"

"Ni? Ina ni ina taɓa suruka. Mati zan kira."

Falta ta yi faɗa har muryarta ta dushe, amma ta san gaskiyarsa ce. Da ya fita ta zagaya baya ta tsuguna a gindin Inna. Tsoro ne ya kama ta, irin wanda ba ta ji ba ko ranar makoki, don a ranar tana da reshe a hannu. Daga nan ta ninka ruwa, ta ninka taki, Inna kuma ta saka mata da sabon toho.

Ana cikin haka, da sanyi ya shigo bishiyoyi suka fara zubar da ganye, aka kawo Sauda goyon ciki. Bayan rasuwar kakarta, kawunta ne ya riƙe ta ya aurar da ita a can Bagwai. Yanzu ciki na fari ya tsufa, al'ada kuma ta ce a gidan iyaye ake haihuwar fari. Ga uwa ga 'ya a tsakar gida ɗaya, ba mai iya kallon idon wani. Sauda doguwa ce, mai sanyin jiki, mai dariya ƙasa-ƙasa, amma bakin kakarta ta ɗauko kaf. In Falta ta gama tuwo sai ta ce wa iska, "A gaya wa 'yar Bagwai abinci na hucewa." Sauda kuma ta ce wa bango, "A ce wa masu gida an gode." Ko ba kowa a gidan haka suke yi, saƙo kuma yana isa.

Washegarin zuwanta Sauda ta zagaya bayan ɗaki ta yi turus. Ta gane ganyen, ta gane ƙayar. Da ta ji sunan da ake kiran bishiyar sai ta riƙe ƙugu ta fashe da dariya. Ita jika ce, tsakaninta da kaka kuwa sai wasa.

"Tsohuwa, ke ce kika koma haka?" ta ce. "Kai ba kitso, jiki ba wanka, kaji na kwana a zaninki. Da kina gani da kin rufe fuska."

Falta tana jin ta daga madafa. Ta buga muciya a bakin tukunya da ƙarfi.

Sauda ta ji labarin rumbu a bakin ƙaninta. Ta san ciwon, ta san maganin, don tun tana ƙarama ita ke riƙe wa kakarta ƙwaryar toka duk ranar da za a gyara bishiyar Bagwai. Amma ta yaya za ta zaunar da uwarta ta koya mata? Falta kuma ko a mafarki ba za ta tambayi 'yar fari shawara ba. Ita ba ta tashi a gaban Amsa ba, rumman kawai ta sani a ƙunshin tsumma, ba ta taɓa ganin abin da ake yi wa uwarsa da sanyi ba. Abin da ake nema yana kwana a ɗaki ɗaya da mai nemansa, kunya ta hana a yi magana.

Ranar wata Laraba aka kira Falta wata unguwa ta kai turaren amarya. Tana fita Sauda ta wasa wuƙar yankan kuɓewa a kan dutsen niƙa, ta ɗauko lauje, ta ɗebo toka a sakaina, ta ja kujerar tsuguno har gindin bishiyar. Da ƙyar ta zauna saboda ciki. Ta kori kaji, ta ce, "Bismillahi. Tsohuwa, sunkuyo."

Da la'asar Falta ta dawo da ƙwaryar tukuici a ka. Tun daga zaure ta ga haske inda ba a saba ganin haske ba. Ta zagaya. Ga tulin rassa ya kai ƙugu a gefe, ga kaji suna yawo kamar waɗanda gobara ta kora, ga Inna tsaye tsirara, sanduna uku da 'yan gajerun rassa, duk inda aka yanka an shafe shi da toka. Sauda na zaune a gefe tana cire ƙaya daga yatsa.

Falta ta sauke ƙwaryar a hankali. Bakinta ya cika da magana, Hausa da Barbarci duka, amma ba ta da inda za ta zuba. Ba a yi wa 'yar fari faɗa ido da ido, balle mai tsohon ciki. Sai ta juya ga bishiyar.

"Inna, kin ga abin da aka yi miki ko? Na fita na bar ki da mutuncinki, na dawo na tarar an tuɓe ki. Shekara nawa ina hana akuya, ashe akuyar daga Bagwai za ta zo."

Sauda ma ta fuskanci bishiyar. "Tsohuwa, ki gaya wa masu gida haka kike yi wa taki duk shekara in ganye ya zuba. Ki ce musu waɗannan na gindin ɓarayi ne, su ke shanye ruwan da ake ba ki, ba kuma za su taɓa haihuwa ba."

"Inna, ki tambaya min, wa ya aike ta?"

"Tsohuwa, ki ce ke kika aike ni. Ke kika ce duk reshen da ya juya yana kallon ciki a cire shi, duk biyun da ke gugar juna a raba su, a buɗe tsakiya har kurciya ta ratsa ba ta taɓa fiffike ba. Ke kika ce a yanka a karkace don kada ruwa ya kwanta. Ko ba ke ba ce?"

Mala Kashim ya shigo ana tsakiyar wannan shari'a. Ya dubi matarsa, ya dubi 'yarsa, ya dubi sanduna uku, ya tuɓe takalmi. "Sannu da aski," ya ce. "An rage wa Mati aiki." Sannan ya tuna yana da jakai.

Daren nan Falta ba ta ci tuwo ba. Kwanaki ta yi ba ta aika wa bango saƙo ba, abinci kawai take turawa. A ganinta an gama, bishiyar da ta kasa haihuwa da rassa ɗari ba za ta haihu da uku ba. Duk da haka ba ta fasa kai ruwan tsari ba, tana zubawa tana ba da haƙuri.

Haihuwa ce ta sauke fushin. Sauda ta sauka lafiya, aka samu mace. Wankan jego kuwa ba a aika wa bango shi. Falta ce ke tashi da asuba ta hura wuta a ƙarƙashin babbar tukunya, da rassan Inna da suka bushe ma aka fara, ita ce ke tsoma ganyen runhu a tafasasshen ruwa tana fyaɗa wa 'yarta a baya, a nan bayan ɗaki, kusa da sanduna uku. Rabon da hannunta ya taɓa jikin yarinyar nan tun ranar yaye. Ta ga wani tabo a kafaɗarta wanda ba ta san lokacin da aka ji ciwon ba, abin ya tsaya mata a rai.

Wata safiya, tururi ya rufe su, Falta ta dubi bishiyar. A cikin sandunan uku akwai ɗaya mai kauri, karkatacciya, mai gwiwa kamar ƙafar tsoho, ita ce ainihin reshen da ta rungumo daga Bagwai.

"Inna," ta ce, "ni dai ban gane wannan aski ba. An zubar da miƙaƙƙu masu kyau, an bar wannan gurguwar."

Aka fyaɗa wa Sauda ganye sau biyu. Da ta yi magana, muryarta ba ta wasa ba ce.

"Tsohuwa, ki gaya musu ba a taɓa ta fari. Ki gaya musu yadda kike yi. Kafin ki sa wuƙa sai kin lalubo wadda ta riga fitowa, ki kama ta, ki ce wannan wance ce, ba mai taɓa min ita. Sannan ki faɗi sunan."

Hannun Falta ya tsaya a sama da ganye. "Wane suna, Inna?"

"Sunan masu gidan nan. Sunan yanka, gaba ɗayansa, da ƙarfi, har maƙwabta na ji. Duk shekara. 'Ya'yan wannan reshen ne kuma ake ƙullewa a tsumma a kai Gezawa, ba a haɗa su da na sauran."

Ruwa ya yi ta ɗiga daga ganyen har ya huce. Falta ta mai da shi tukunya, ta ce hayaƙin itacen nan ya cika shiga ido, ta shige ɗaki. Ta yi kuka irin wanda ba ta yi ba a makoki, amma na daɗi ne, ita ma ta san na daɗi ne. Da ta fito ta dama kunun kanwa, ta zuba zuma fiye da ƙima, ta ajiye a gaban Sauda da hannunta ba tare da ta ce a gaya wa kowa komai ba.

Sauda ta gama wankan jego ta koma ɗakin mijinta da 'yarta. Zafin bazara ya zo, sanduna uku suna nan kamar an kafa su don shanya. Mati ya fara leƙowa ta kan danga yana tambaya ko ya fara wasa gatarinsa. Sai ana gab da ruwan fari, wata safiya Falta ta fito da buta ta ga jikin sandunan ya yi ja-ja da ƙananan toho. Kafin a gama shuka ganye ya rufe su. Sannan furanni suka fito, ba a gefe ba kamar da, ko'ina, jajaye kamar garwashi. Wasu sun zube, ta tsince su gabanta na faɗuwa. Wasu kuwa suka ƙi zubewa, gindinsu ya kumbura, ya zama 'yan ƙananan tuluna masu baki.

Daminar nan Falta ba ta zauna ba. Duk tohon da ya leƙo daga gindi ta tsuguna ta murɗe shi da yatsa tana cewa, "Ɓarawo." Ta kafa wa gurguwar sanda gwafa don nauyi ya fara rinjayarta. Ta ɗinka wa manyan 'ya'yan jakunkunan tsumma saboda tsuntsaye, har matan unguwa suka riƙa cewa rumman ɗin Falta ya fi 'ya'yan wasu sutura.

Ana cikin yankan gero na farko ya tsage da kansa, jajayen ƙwayoyi suka leƙo. Mala Kashim ya zo ya tsaya, ya tuɓe takalmi, wannan karon har ƙasa ya tsuguna.

"Barka da arziki," ya ce. "A yafe mana, yaro ne ya yi magana."

Aka gina rumbu a ƙofar gida, inda Mala ke ɗaure jakai, jakai kuma suka koma gidan Mati da haya ta taki. Mala ya yi ta mita har aka ɗora jinka, amma da aka ba shi ɓarin rumman ya shanye har yana lasar gemu. 'Ya'yan gurguwar sanda kuwa ba wanda ya ɗanɗana. Falta ta ƙulle su a tsumma ta ba wani mai zuwa yamma, ta ce a kai wa mutanen Bagwai.

Falta ta yi shekaru masu yawa bayan wannan, ta haɗa turaren jikokinta, ta rabar da rassan rumman a gidaje da dama, kowanne da dogon bayani da gargaɗi. Amma in matan gidan suna ba da labarinta, ba su cika wuce sanyin da ya biyo bayan haihuwar Inna ba.

Sauda ta zo ganin gida da 'yarta a baya, ganye kuma ya zuba. Da safe Falta ta wasa wuƙa a kan dutsen niƙa, ta daɗe tana wasawa, yadda duk gidan zai ji. Ta ce wa iska, "A ce wa 'yar Bagwai a riƙo toka." Sauda ta biyo ta da sakaina, ta tsaya a bayanta. Falta ta zagaya bishiyar sau ɗaya, wuƙa a hannunta. Ta wuce gurguwar, don wannan tana da mai ita. Ta sa hannu ta lalubo wani reshe miƙaƙƙe da ya fito daga gwiwarta, wanda ya riga duk 'yan'uwansa fitowa a bazarar da ta wuce. Ta kama shi, ta gyara murya, idonta a kan bishiyar.

"Inna, wannan Sauda ce," ta ce da ƙarfi. "Ba mai taɓa min ita."

Sakainar toka ta karkace a hannun Sauda, rabi ya zube mata a ƙafa. Falta ba ta waiwayo ba. Ta sunkuya ta kama ɓarawo na farko, ta yanke shi a karkace, sannan ta miƙa hannu baya a ba ta toka.